Takardar da ke tsare sunan kayanka a Gana, da inda ƙarfinta yake ƙarewa

Gwaggona ta shafe shekaru tana haɗa yaji a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Da farko a leda take ƙullawa, 'yan tsire da masu waakye na unguwa su aiko yara su saya. Da kasuwa ta buɗe sai ta koma zubawa a 'yan kwalabe masu jan murfi, aka buga mata takarda mai suna da zane ana mannawa a jiki, har ta kai masu shaguna a Alabar da Kejetia suna sara katan-katan. Wata rana sai ga wata mata da ta daɗe tana saye ta zo har gida da kwalba a hannu, ranta a ɓace. Ta ce, "Hajiya, me ya sami yajinki ne? Gishiri zalla da gari." Gwaggo ta karɓa ta jujjuya. Murfin ja ne, zanen kusan ɗaya, sunan ma harafi guda aka canza, amma ba daga turminta ya fito ba.

Abin ya ba ta haushi, sai dai hankalinta bai tashi ba. Ta ce da ni, "Ɗana, ai ina da rajista." Ta buɗe akwati ta zaro takardu biyu da ta naɗe a leda, muka ɗauka muka je wurin wani lauya a Adum. Ya karanta su a nutse, ya ɗago ya ce, "Hajiya, takardunki masu kyau ne, amma babu wadda ta ba ki sunan nan a cikinsu." Tun daga ranar na shiga bin diddigin lamarin, kuma na tarar da yawancin 'yan kasuwarmu na Zango a kan irin wannan zato suke.

Takardar farko ta Gwaggo rajistar sunan kasuwanci ce. A yau Ofishin Rajistar Kamfanoni ke bayar da ita, ofishin da Dokar Kamfanoni ta 2019, mai lamba 992, ta kafa. Aikinta ta shaida wa gwamnati da banki da masu karɓar haraji cewa wance ce ke kasuwanci da suna kaza, kuma mai sana'a shi kaɗai yana sabunta ta duk shekara. Ta biyun kuwa daga hukumar abinci da magunguna ce, wato FDA, wadda damuwarta abin da ke cikin kwalba: tsabtarsa, abin da aka haɗa shi da shi, da ko zai cutar da mai ci. Lambar da take bayarwa ba ta hana wani ya buga suna mai kama da naka a kan nasa kayan.

Abin da ke ba ka ikon hana wani amfani da sunan shi ne rajistar tambarin kasuwanci. Tana ƙarƙashin Dokar Tambarin Kasuwanci ta 2004, mai lamba 664, wadda aka yi wa gyara a 2014 da doka mai lamba 876, kuma sashen Rajistara Janar mai hedikwata a Accra ke riƙe da kundin. Ruɗanin yana da asali: shekara da shekaru, sashen nan guda ne ke rajistar kamfani da sunan kasuwanci da tambari har da aure. Mutum ya je ya dawo da takarda mai hatimi ya ce ya yi rajista, ba wanda ya tambaye shi rajistar me.

Tambari shi ne duk alamar da mai saye ke gane kayanka da ita ya bambanta su da na wani: kalma, sunan mutum, zane, haruffa, lambobi, ko haɗin waɗannan. Gaba ɗaya dokar a kan wannan bambancewa ta tsaya, kuma nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin mun saba raɗa wa kaya suna da siffarsu. Wanda ya kai "Yaji Mai Daɗi" ko "Man Kaɗe Na Asali" yana neman a ba shi shi kaɗai, ya nemi abin da ba za a ba shi ba, tunda kowane mai yaji yana da haƙƙin cewa nasa mai daɗi ne. Haka koko da ƙosai da fura da sobolo, sunayen abinci ne na kowa. Sunan da ya fi ƙarfi shi ne wanda ba shi da alaƙa da kayan, kamar a ce hoton raƙumi da sunansa a kan sabulu, ko kalmar da ka ƙirƙira da kanka. Irin wannan sunan yana da wuyar shiga bakin mutane da farko, amma in ya shiga naka ne.

Akwai kuma sunayen da muke ƙauna saboda albarkar da ke cikinsu, irin su Nasara, Alheri, Rahama, Albarka. Ni ma ina son su. Amma ka zaga daga Asawase zuwa Sabon Zango ka ƙirga allunan da ke ɗauke da su. Sunan da shago hamsin ke amfani da shi, da wuya mai saye ya ji shi ya tuna da kai kaɗai, kuma ba mamaki wani ya riga ka kai shi rajista. In dole sai ka yi amfani da shi, haɗa shi da wata kalma da zane naka na kanka. Idan sunan Hausa ne ko an rubuta shi da ajami ko Larabci, ka tanadi ma'anarsa da Turanci, don jami'in da zai duba ya san abin da yake karantawa.

Dokar ta hana tambarin da zai yaudari mai saye game da asalin kaya ko irinsu, da wanda ya saɓa wa tarbiyya, da wanda ya kwaikwayi tutar ƙasa ko hatiminta, da wanda ya yi kama da sanannen tambarin da duniya ta sani. Mu da ke Kumasi akwai ƙarin abin lura. Alamomin adinkra, wato zanen gargajiya na Asante, irin su Gye Nyame da ake bugawa a Ntonso, suna cikin al'adun gargajiya da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005 ta damƙa wa shugaban ƙasa a madadin al'umma, kuma akwai hukumar da ke ba da izinin amfani da su don kasuwanci. Mai buga maka takardar kwalba zai iya ɗora maka ɗaya don ado ba tare da ya san haka ba.

Sai maganar rukuni. Ba a rajistar suna a kan komai da komai. Akwai tsarin da aka amince da shi a birnin Nis na Faransa a 1957, wanda a yau ya kasa kaya da ayyuka gida 45: daga 1 zuwa 34 kaya ne, daga 35 zuwa 45 ayyuka. Yaji da shinkafa da gari da burodi suna rukuni na 30. Sabulu da man shafawa na 3, magunguna na 5, atamfa da yadi na 24, tufafi da takalma na 25, ruwan leda da lemo na 32, sufuri na 39, gidan abinci na 43. A Gana kowane rukuni takardarsa daban, kuɗinsa daban. Man kaɗe misali ne mai kyau, domin wanda ake shafawa yana rukuni na 3, wanda ake girki da shi kuma yana na 29 tare da sauran man ci. Matar da ke sayar da duka biyun da suna ɗaya, in ta yi rajista a guda ta bar ɗayan a buɗe. Ba na ba kowa shawarar ya kwashi rukuni biyar don tsoro. Ka fara da wanda kuɗinka ke fitowa daga cikinsa yau, sannan wanda kake da niyyar shiga nan kusa.

Matakan kansu ba su da sarƙaƙiya. Ana fara bincike a kundin ofis don a ga ko akwai suna iri ɗaya ko mai kama a rukunin. Mutane na tsallake wannan don rage kuɗi, alhali ya fi sauƙi ka ji cewa sunan na wani ne kafin ka buga takardun kwalba dubu goma. Daga nan a cike takardar nema da sunan mai tambari da adireshinsa da hoton tambarin da jerin kayan, a biya. Jami'i ya duba, ko ya amince, ko ya ƙi, ko ya gindaya sharaɗi, misali ya ce an ba ka zanen da sunan a haɗe amma kalmar "yaji" ba taka ba ce. In ya amince sai a buga tambarin a mujallar sanarwa ta gwamnati kan masana'antu da kasuwanci, a ba jama'a wata 2 duk mai ƙorafi ya kawo. Idan babu, ko an kawo bai yi nasara ba, a ba ka takardar shaida. Wanda hukuncin ofis bai yi masa daɗi ba yana iya zuwa Babbar Kotu. Mazaunin Gana zai iya nema da kansa, amma wanda ke zaune a wata ƙasa sai ta hannun lauyan da ke aiki a Gana.

Aikin yakan ja lokaci, ya haura shekara ba abin mamaki ba ne, kuma wannan na sa mutane su karaya. Abin da ya kamata su riƙe shi ne lissafi yana farawa daga ranar da aka shigar da takarda. Wanda ya riga shigarwa shi ke gaba a layi. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a maganar Gwaggo: da mai kwaikwayon nan ya riga ta zuwa ofis, da ita ce za ta koma mai kare kanta, tana neman a soke rajistar wani a kan sunan da ta gina da hannunta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Doka ba ta watsar da wanda bai yi rajista ba, domin zai iya kai ƙarar mai sojan gona da kayansa, akwai kuma Dokar Hana Gasa Marar Adalci ta 2000, mai lamba 589. Sai dai a nan nauyin kawo hujja duk yana kansa: ya nuna tun yaushe yake amfani da sunan, ya nuna jama'a sun san shi da shi, ya nuna an ruɗe su. Mu kuwa cinikinmu na baki da amana ne, rasit ba ya kwana a hannunmu. Mai rajista takarda ɗaya zai ajiye a gaban alƙali a fara magana daga nan.

Samun takardar rabin aiki ne. Rajista tana aiki shekara 10 daga ranar nema, kuma ana sabunta ta shekara goma-goma ba iyaka. In lokacin ya wuce akwai rangwamen wata 6 tare da tara, bayan haka tambarin yana iya fita daga kundi, wani ya nema. Shekara goma tana da tsawon da mutum zai manta. Sunan kasuwanci da ake sabuntawa duk shekara yana zama a rai, amma wannan sai an canza shago, an canza lambar waya, lauyan da ya yi aikin ya tashi daga ofishinsa. Kada ka jira ofis ya tuna maka. Rubuta ranar a inda iyalinka za su gani, kuma duk lokacin da ka canza adireshi ka je a gyara a kundi.

Akwai kuma sharaɗin amfani. Tambarin da aka bari shekara 5 a jere ba a yi ciniki da shi ba, wani zai iya neman a cire shi. Dokar ba ta son mutum ya tara sunaye ya zauna a kansu. Don haka ka riƙa ajiye shaidar ciniki: rasit, tsofaffin takardun kwalba, hotunan kaya a shago, tallan da ka sa a rediyo ko Facebook. Kuma ka yi amfani da tambarin yadda aka yi masa rajista. Mutanenmu na son sabunta zane duk bayan 'yan shekaru, yaro ya iya kwamfuta ya canza komai. In canjin ya yi yawa, tsohuwar takardar ba ta rufe sabon zanen ba. Shi ya sa mai hali ya fi kyau ya yi wa kalmar rajista ita kaɗai, domin ita ke zama ko da ado ya canza.

Abin da ba mu cika magana a kai ba shi ne gado. Tambari dukiya ce kamar shago ko fili: ana sayar da shi, ana ba da shi haya, ana gadonsa. Na ga gidan da uba ya rasu ya bar sana'a mai suna, aka raba shago da kaya da kuɗi bisa shari'a, ba wanda ya kawo maganar sunan. Bayan shekara biyu 'ya'ya uku kowa na buga kaya da sunan, kowa da irin haɗinsa, masu saye suka rasa na gaske, sunan ya mutu a hannunsu. Da an lissafa shi cikin dukiya tun ranar rabo, an yi masa kima, ya faɗa rabon wani ko ya zama na kamfanin da duka suke da hannun jari, da yana nan. Ina ganin malamanmu masu rabon gado ya kamata su fara tambayar wannan. Duk canjin mai tambari, ta saye ko ta gado, a kai shi ofis a rubuta. Haka in ka ba ƙaninka da ke Tamale izinin ɗura kaya da sunanka, ku rubuta yarjejeniya, ku faɗi irin ingancin da za a kiyaye, a shigar da ita a kundi. Zumunci ba ya lalacewa don an rubuta takarda, rashin rubutawar ne na ga yana raba 'yan'uwa.

Yanzu ga inda abin ya fi shafar Bahaushe. Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su Salaga da Kumasi, kuma har gobe kayanmu ba sa tsayawa a ƙasa ɗaya. Amma rajistar Gana a kan iyaka take tsayawa. Da motar ta wuce Aflao ko Paga ko Elubo, takardarka ba ta da ƙarfi. Maƙwabtan Gana uku, Togo da Burkina Faso da Kwaddebuwa, duk suna cikin OAPI, ƙungiyar da ke rajistar tambari a madadin ƙasashenta, mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Ƙasashe 17 ne, har da Nijar da Benin da Mali da Chadi da Senegal, kuma rajista ɗaya ce ke rufe su duka. Ga mai kai kaya Lome da Wagadugu da Yamai, wannan sauƙi ne babba.

Hanya biyu ce zuwa can. Ko ka nema kai tsaye ta hannun wakili, ko ka bi tsarin Madrid na rajistar tambari tsakanin ƙasashe, wanda Gana ta shiga a 2008, OAPI kuma a 2015. A tsarin Madrid, ka fara da nema ko rajista a Gana, sannan ta ofishin Accra a tura buƙatarka hukumar mallakar fasaha ta duniya, wato WIPO, da ke Jeneba, ka zaɓi inda kake so. Sharaɗinsa shi ne shekara 5 na farko rajistar waje tana rataye da ta gida, in ta gida ta faɗi ta waje ma ta bi ta. Akwai kuma wata dama daga yarjejeniyar Paris ta ƙasashen duniya kan kare tambari da makamantansa: in ka nema a wata ƙasar da ke cikinta kafin wata 6 su cika daga ranar da ka nema a Gana, za a iya lissafa maka da ranar farko.

Najeriya kuwa ita kaɗai take tafiya. Ba ta cikin OAPI, ba ta cikin Madrid. Mai son tsare sunansa a Legas ko Kano sai ya nema a ofishin rajistar tambari na Abuja, kuma lissafinsu daban ne: shekara 7 da farko, sannan sabuntawa shekara 14-14. Wani zai ce ai Gana na cikin ARIPO, wata ƙungiyar Afirka ta mallakar fasaha mai hedikwata a Harare. Haka ne, amma ba ta cikin yarjejeniyar Banjul wadda ita ce ta shafi tambari a ƙungiyar. Ke nan ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi da Yamai da Kano yana ƙarƙashin tsari uku mabambanta. Sakatariyar yankin ciniki marar shinge na Afirka tana nan Accra, kuma shugabannin nahiyar sun amince da ƙa'idar mallakar fasaha a 2023, amma wanda zai ɗora kaya a mota gobe da waɗannan ofisoshi uku zai yi hulɗa.

Na san abin da mai ƙaramin jari zai ce: kuɗin bincike, kuɗin nema, kuɗin lauya, ga kuma manyan kamfanonin atamfa irin su GTP da ATL, da duk rajistarsu, sun shekara suna kukan jabu har gwamnati ta taɓa kafa kwamitin kamawa da ƙonawa. Maganar tana da gaskiya a ciki. Takarda ba ta zaga kasuwa da kanta, kai ne za ka sa ido, ka tambayi masu sarin kayanka abin da suke gani. Kuma ba kowace sana'a ke buƙatarta ba, mai sayar da koko a bakin layi fuskarta ce tambarinta. Buƙatar tana farawa ne ranar da kayanka suka fara zuwa hannun wanda bai san fuskarka ba. Ga waɗanda kuɗin ya yi wa yawa ɗai-ɗai, dokar ta san tambarin haɗin gwiwa, wanda ƙungiya ke mallaka 'ya'yanta su yi amfani da shi bisa ƙa'idar da suka gindaya. Masu ɗinkin takalma na Kumasi da ƙungiyoyin mata masu man kaɗe sun dace da wannan ƙwarai.

A maganar Gwaggo, bincike ya nuna mai kwaikwayon bai kai sunan ofis ba. Muka shigar da nata a rukuni na 30, kalmar daban, zanen daban. Lauya ya rubuta wasiƙa zuwa shagunan da aka ga jabun, yawancinsu suka janye shi, domin su ma ba su san ba nata ba ne. Ta sayi babban littafi, jikarta na rubuta duk katan da ya fita da sunan wanda ya ɗauka. Kwanan baya wani direban da ke zuwa Yamai ya gaya mata yajinta ya fara karɓuwa a can, ana tambayarsa da suna. Da daddare ta kira ni ta ce, "Ɗana, wannan ta Yawunden da ka faɗa, ka tambayo mini nawa ce. In na kwashi adashi a watan gobe da ita za mu fara."